Bugu Talatin da Bakwai

Injiniya ake ce mini daga Kara har cikin garin Gwarzo, ni kuwa aji uku na yi a firamare, na ukun ma rabinsa a kan mangwaron bayan makaranta na yi shi. Injiniyancin nawa bai wuce amfilifaya ɗaya ba, da akwatunan lasifika biyu, da makirfo uku waɗanda ɗayansu sai an mare shi yake magana, da wata rikoda mai cin kaset. Da su nake zuwa biki da suna da saukar karatu. Wanda ya fara liƙa mini sunan malamin Hausa ne na wata sakandare da ke kusa da mu, kuma don tsokana ya yi.

Ya same ni a ƙofar gida ina lasar bakin waya don in ji ko batir na da sauran rai. Muka gaisa, ya tambayi iyali da gona da dabbobi, sannan ya ce:

"Injiniya, bara yarana sun yi wasan kwaikwayo ranar rabon kyaututtuka. Na gaba sun ji, na baya suka yi ta ɓarar gyaɗa suna kallon baki yana motsi. Bana ina so a ji su har bakin titi."

Na ce masa ai wannan ƙaramin abu ne a wurina. Ƙarya nake, ban taɓa yi ba.

Shekarar farko na jera lasifika a bayan yaran, don a ganina sauti daga baya ya kamata ya turo. Ina kunnawa abin ya kwarma wani ihu da ya sa hedimasta ya zubar da ruwan da ke hannunsa, jakin wani baƙo ya tsinke igiya. Malam ya zo da sauri yana toshe kunne.

"Injiniya, wannan a cikin wasan yake?"

"Gwaji ne, Malam."

Daga ranar na gane lasifika gaba take zama, ta ba makirfo baya, in ba haka ba sai su yi ta faɗa da juna. Na koyi rataye makirfo biyu a reshen darbejiya daidai saman kan yara, in sa musu safar ƙafa saboda iska. Janareta kuwa can bayan ajin ƙarshe nake kai shi da doguwar waya, kada gurnaninsa ya cinye magana. Yara suna da halin juya wa makirfo ƙeya, sai na riƙa yi musu zane da alli a inda za su tsaya. Makirfo na ukun, mai son mari, shi ne nawa, a gefe a bayan labule. A gabansa nake zuba gero a kan tire in an ce ruwan sama, in girgiza fallen kwano in an ce tsawa, in murza busasshen ganyen dawa in gobara ta tashi. Carar zakara da bakina nake yi, har akwai shekarar da zakaran unguwar ya amsa mini. Tsakanina da Malam hularsa ce magana. In ya tura ta gaba in ƙara murya, in ya cire ta in tsayar da komai.

Abu ɗaya ya gagare ni. Kowane wasa Malam ya rubuta, da safiyar ƙauye yake buɗe shi, mace tana daka a tsakar gida. Dandalin kuwa teburan aji ne aka haɗa aka shimfiɗa musu tabarmi, in ka ɗora turmin gaske sai yarinya da turmi su faɗa ƙasa. Saboda haka yarinyar da ke uwa kan riƙe karan dawa a kan bokitin da aka lulluɓe, ni kuma in buga taɓarya a turmi a bayan labule. Na yi iya ƙoƙarina. Sai ga wata tsohuwa daga ɓangaren mata ta ɗaga murya:

"Wannan ai dakan namiji ne! Ko gero zai yi masa dariya."

Fili ya ɗauka. Na koma gida da kunya, da kuma dabara.

Mai ɗakina 'yar wajen Durun ce, iyayenta masu shanu ne da suka zauna suka kama noma. Ba ta da yawan magana a gaban mutane, amma in tana daka sai ka tsaya. Takan cilla taɓarya sama ta tafa sau biyu kafin ta cafe, ba ta taɓa kuskure ba. Wata safiya ina ganin ta zuba gero za ta yi dakan fura, na danna jan maɓallin rikoda, na kife ta da kwando kusa da turmi, na lallaɓa bayan rumbu na laɓe.

Ta buga sau talatin da bakwai. Na san adadin ne saboda na ƙirga shi daga baya fiye da yadda na ƙirga 'ya'yana. Daga nan ta tsaya, ta ce:

"Malam, ina fa ganin ƙafarka. Tsofai-tsofai da kai kana laɓe a bayan rumbu kamar ɗan akuyan da ya ci gari. Fito ka miƙo mini faifai."

Sai ta yi dariya, irin wadda ba ta yi sai mu biyu ne a gida. Tana ɗaga kwandon ta ga abin da ke ƙarƙashi, dariyar ta yanke, rikoda ma na kashe ta.

Da na yi mata bayani ba ta yi faɗa ba, zama ta yi a gefen turmi.

"Wato maza za su cika fili, malamai da masu unguwa, su ji ni ina wasa da mijina?"

"Dakan kawai za a ji."

"Ni da ko sunanka ban taɓa kamawa ba? 'Yar farina ma ba na kiran sunanta, ka sani. Dakan dai ka riƙe, turmi ba ya jin kunya. Amma muryar nan ka goge ta. Ka ce ka ɗauki alkawari."

"Na ɗauka."

"Ka dube ni ka faɗa, ba rumbu ba."

Na dube ta na faɗa. Da rana na shiga shago, na mai da kaset baya don in nemo wurin da zan goge. Na saurara sau ɗaya, na sake saurara. Sai na ɗauko ƙusa na ɓalle ɗan haƙorin da ke gindin kaset ɗin, wanda in babu shi jan maɓallin ɗauka ba ya dannuwa, balle a goge abin da ke ciki. Ba mantuwa ba ce, da hankalina na yi. Na ce wa kaina gobe, to ga goben nan ta kai shekara goma sha wani abu.

A wurin wasa kuwa dakan ya yi suna. Yarinya na ɗaga kara, lasifika na ba da dum, dum, ga tafi a tsakani, tsofaffin mata suna gyaɗa kai. Wadda ta ci mini fuska ma aiko mini ta yi wai wannan karon na samo mace. Ni kuma yatsana na kan maɓalli ina ƙirgawa a zuci, ina kaiwa talatin da biyar in kashe, in saki carar zakara. Bugu biyu nake bari tsakanina da abin kunya. Malam ya taɓa tambaya ta me ya sa nake zufa a wannan wurin alhali ba a fara komai ba, na ce masa injiniyoyi haka suke. Ko shi bai san abin da ke gaba a kaset ɗin ba. Da zamani ya juya, matasan malamai suka zo da wayoyi cike da kukan kowace dabba, suka ce a sallami tsoho da kayan tarihinsa. Malam ya ce su nemo masa daka irin wannan a waya tukuna. Ba su samo ba.

In rana ta yi zafi babu aiki, nakan tura ƙyauren shago in bar kaset ya wuce talatin da bakwai, murya ƙasa-ƙasa. Tana nan da ranta a cikin gida, taku ashirin tsakaninmu, amma sai in zauna ina sauraron ta a rikoda ina murmushi kamar wawa. Ban san me ya sa ba. Wataƙila don ta kaset ba ta aike na cefane.

Ciwon da ya ɗauke ta a hankali ya zo. Ta fara ajiye taɓarya, aka koma kai niƙa inji, sannan ta daina fitowa tsakar gida. Wata hantsi ina zaune a bakin gadonta ina yi mata fifita, ta buɗe ido ta ce:

"Malam, abin nan na rikoda. Ka goge kuwa?"

Shekaru ba ta tayar da zancen ba, na ɗauka ta manta.

"Tuni," na ce. "Tun ranar."

"Alhamdu lillahi," ta ce, ta mai da ido ta rufe.

Kwana tara bayan nan muka kai ta. Na yi ƙarya da yawa a rayuwata, na ce wa masu biki janareta sabo ne, na ce wa Malam na san abin da nake yi. Duk waɗannan nakan ba da labarinsu a yi dariya. Wannan kuwa, ban da mutum ɗaya, ban taɓa ba wa kowa ba sai yau.

Da ta rasu sai gogewar ta ƙara yi mini nauyi. Ba ni da hotonta ko ɗaya, ba ta yarda a ɗauka ba. Kuma a daidai lokacin kunnena ya fara tafiya. Shekara da shekaru ina zama a gindin lasifika, ga sakamakon. Na dama ya mutu gaba ɗaya, na hagu sai an kawo baki kusa an ɗaga murya. In na manna rikoda a kunne sai in ji ta kamar mai magana daga ƙasan rijiya, kalmomin daga kaina nake cike su. Ban gaya wa kowa ba, wa zai ɗauki kurma aikin sauti? In an yi magana in ce "haka ne", in aka yi dariya in taya. Na taɓa ce wa wani "madalla" ashe rasuwar saniyarsa yake gaya mini. A wurin wasa kuma na samo hanya. Sai in jawo kujerata jikin akwatin lasifika in ɗora tafin hannu a kai, kowane bugu ya shigo mini ta hannu, in ƙirga abina. Sauran aikin hular Malam ta isa.

Shekara uku da rasuwarta aka gayyaci makarantar ta kai wasanta wata makaranta a Durun. Garin su mai ɗakina ke nan, kuma can 'yarmu ta fari take aure. Muka loda kaya a bayan a-kori-kura muka bi hanyar Kabo, ina rungume da rikoda a cinya saboda gargada.

Jama'a ta fi yadda muka zata. Malam ya dubi filin, ya sa aka ɗaga akwatunan lasifika aka ɗaure su can saman ginshiƙan baranda don na baya su ji. Daidai ya yi, ni ma da kunnena lafiya abin da zan ce ke nan. Na tsaya ina kallon su a sama, ko da sanda ba zan taɓo su ba. Ya matso ya ce wani abu, na ga alamar tambaya a fuskarsa.

"Haka ne, Malam," na ce.

Kalma biyar ce za ta cece ni: Malam, ba na ji sosai. Girman kai ya hana. Na ce a raina ai yarinyar da ke uwa tare take tafiya da dakan, sai in ƙirga karan hannunta da ido.

A layin gaba ga yayan mai ɗakina a kan kujera da sandarsa, ga dattawan da suka ɗaura mana aure, waɗanda suka rage. Can ɓangaren mata na hango 'yata da goyo. Aka ja labule, Malam ya gyaɗa mini kai, na danna.

Ɗaya, biyu, uku. Yarinyar tana yi da kyau. Wajen ashirin da wani abu ta so ta burge mutanen Durun, ta cilla karan sama za ta tafa yadda take ji a lasifika. Iska ta kwashe shi ya faɗa bayan tebura. Ta duƙa tana lalube, wata ta miƙo mata. Ni kuma, injiniya, sai na dakata da ƙirga ina jiran ta, kamar kaset ma jiran ta yake. Ta ci gaba, na ɗora daga inda na tsaya. Ina ashirin da tara na ga ta tsaya cak da kara a sama, ta waiga wajen lasifika.

Sai na ga bakunan mutane sun buɗe. Fili guda yana dariya, yara suna bubbuga ƙafa, wani malami har da riƙe ciki. Sun ɗauka cikin wasan ne, wai uwa ta kama miji a bayan rumbu. Malam ya cire hula yana kaɗa ta sama kamar mai korar tsuntsaye a gona. Kafin yatsana ya sami maɓalli mai ɗakina ta gama maganarta a lasifika, ta gama dariyarta.

Kowa a filin nan ya ji ta. Ni kaɗai ne ban ji ba.

Layin gaba ba su yi dariya ba. Yayanta ya sunkuyar da kai ya dafa sanda da hannu biyu. 'Yata ta miƙe tsaye a tsakiyar mata, ta ja mayafi ta rufe baki, ta fita. Yadda na ƙarasa wasan ban sani ba, an dai ce na yi ruwan sama a inda ake son gobara.

Da aka tashi na je gaban yayan nata na durƙusa. Ya daɗe yana kallo na, sannan ya sunkuyo daidai kunnena na hagu. Ashe shi ya lura da abin da nake ɓoyewa.

"Ta san da wannan?"

"Ta ce in goge, Yaya."

Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya tafi. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Malam kuwa a mota ya zauna kusa da ni, ya karɓi rikodar ya riƙe mini har Gwarzo, bai tambaye ni komai ba.

Washegari bayan azahar 'yata ta zo gida. Ta gaishe ni yadda aka saba, ta sha ruwa, ta kwantar da yaron, sannan ta zauna a gefena na hagu.

"Baba, kunna mini."

Na kunna. Ina kallon fuskarta na san inda kaset ya kai. Ta sa na mayar sau uku. A na ukun ta kawo baki kusa da kunnena ta ce:

"Ban taɓa jin Inna ta yi irin wannan dariyar ba. Ni a gabana ko murmushi sai ta kau da kai."

"Kunyar 'yar fari ce. In kin juya baya ta fi kowa kallon ki."

Ta ciro wayarta daga jaka. "Bari in ɗauka a nan, Baba. Ni kaɗai, wallahi ba mai ji."

Na so in ce to. Ita ma uwarta ce, kuma ni na fi kowa sanin daɗin ajiye abin da aka ce ka yar. Amma ni ma haka na ce, ni kaɗai, ga shi jiya Durun gaba ɗaya ta ji. Sai na gaya mata abin da uwarta ta tambaye ni a kan gado da amsar da na ba ta. Ta juya wayar a hannu, ta mai da ita jaka.

Na yanko salatif na toshe ramin haƙorin da na ɓalle. Sai da na yi sau biyu kafin ya zauna.

"Dakan ta ce in riƙe," na ce. "Ni na daina yarda da ƙirgana. Ki ƙirga, in ya kai talatin da bakwai ki taɓa gwiwata."

"Baba, ni za ka sa?"

"Ba ni da wani kunnen sai naki."

Na mai da kaset farko na danna. Ina ganin leɓɓanta suna motsi, tana ƙirgawa, hawaye na bin su. Ta ɗaga hannu ta riƙe shi a sama da gwiwata, har na ji tsoron ba za ta sauke ba. Ta sauke. Na tsayar, na haɗa yatsu biyu na danna jan maɓalli da baƙi tare, don sabuwar ɗauka ta hau kan muryar. Muka zauna muna kallon kaset yana juyawa, na bar shi ya yi nisa fiye da yadda ake bukata, sannan na kashe.

Na sake mayarwa na kunna mata, don mai aikin sauti ba ya tashi bai gwada ba.

"Me kike ji?"

"Daka, Baba."

"Bayansa fa?"

Ta saurara, ta share fuska da bakin mayafi.

"Kazar maƙwabta. Sai ni ina jan hanci."

Na cire kaset ɗin na sa a aljihun gaban riga. Ta tashi ta ɗora mini ruwan alwala, don la'asar ta kusa, kuma ta san ba zan ji kiran salla ba.